Kyautar Sabon Shiga Ruwa

Bakano ya san abin da ake kai wa ango, ya san na mai jego, amma ruwa baƙonsa ne. Kano gari ne na tudu. Sai da aka gina madatsar Tiga a 1974 Kanawa da yawa suka fara ganin ruwa mai faɗin gaske. Shi ya sa wata dattijuwa a Kaura Goje ta rasa abin da za ta bai wa jikanta, wanda zai tafi Tiga koyon tuƙin kwalekwale a wurin masunta.

Da fari babbar riga ta yi niyya. Ita kuwa babbar riga, in ta sha ruwa, ɗaure mai ita take yi. Aka ba ta shawarar rigar nan mai hana nutsewa, ta ce faufau, wannan mugun fata ne, tamkar a yi wa matafiyi guzurin likkafani.

Wannan tsoro na ɗan tudu ne. Sarkawa, da suka gaji ruwa kaka da kakanni, ba su taɓa jin kunyar hawa gora ba, rigar kuwa gora ce ɗinkakkiya. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara 'yan Islamiyya.

Da aka tuna mata wannan, sai ta yi shiru. Kashegari ta sa a auno ƙirjin yaron kafin a saya, domin an ce mata rigar in ta yi yawa takan suɓule ta kai, ta taso ita kaɗai.