Galmi, garin da albasa ta yi wa suna

Matafiyin da ya bar Ƙonni ya nufi Madawa bisa gudron, da zarar ya wuce Malbaza ba ya daɗewa warin albasa ke sanar da shi ya iso Galmi. Garin yana cikin jihar Tawa, wajen kilomita 500 gabas da Yamai, tsakanin duwatsun Adar da fadama mai ruwa kusa. Hausawa ne mafi rinjaye, sai Buzaye da Fulani masu kiwo.

Abu biyu ke kawo baƙi. Na farko asibitin mishan da aka buɗe a 1950, wanda majinyata ke zuwa har daga Najeriya. Na biyu kuwa jar albasar nan da Faransawa suka laƙaba wa Violet de Galmi, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa Abijan da Akara.

Idan damina ta wuce, samarin ƙauyuka da yawa sukan tafi cin rani. A nan kuwa lokacin ne aiki ke tashi: a yi reno, a dasa, a yi ta ban ruwa daga baraji da rijiyoyi har watan Maris.

Sai dai kowa a lokaci guda yake cirewa, buhu ya faɗi warwas. Mai hali ya zuba tasa a rudu, ya jira tsadar damina, ko da wani kaso zai ruɓe. Wanda ya ci bashin taki da man injin ba ya da wannan haƙuri. Tun a bakin garka dillali ke yi masa farashi, ribar kuma ta bi mota zuwa gaɓar teku.