Kafin Ka Zargi Allo, Tuhumi Kati

Sau da yawa idan abu ya ƙi aiki a hannunmu, babban cikin kayan muke fara kamawa da laifi. Idan wasiƙa ta zo da rubutu a jagule sai a ce marubucin bai iya ba, ba a tuna ruwan saman da ya bugi ɗan aike a hanya. Wannan hali ya bi mu har cikin sha'anin na'urorin zamani, ya kuwa sa an jefar da kaya masu sauran amfani, an yi hasarar abin da kuɗi ba ya saye. Don haka na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamaina labarin wani ɗan gyara da na yi a gida, ko wani ya tsinci abin da zai amfane shi.

Bari in fara share fage da sunaye, don kada mu rabu a hanya. Kwamfutar nan mai faɗi wadda ake shafawa da yatsa, 'yan birni na ce mata tab, mu a gidanmu allo muke ce mata, don da allon karatu ta yi kama. Babban shirin da ke tafiyar da ita, wanda sauran manhajoji ke hawa kansa, shi zan kira uwar manhaja. Ɗan katin ajiya kuwa, wanda bai kai farcen babban yatsa ba, kowa ya san shi da memori.

Ni mutumin Isa ne, can gabashin Jihar Sakkwato, maƙwabtan Sabon Birni da Shinkafi. Wanda bai zauna ƙasarmu ba da wuya ya gane darajar memori a wurinmu. Tun can intanet ba ta wadace mu ba, a shagon masu turi ake zuba wa mutum wa'azi da karatu da waƙa a kati ya tafi gida. Sa'an nan a watan Satumba 2021, saboda sha'anin 'yan bindiga, aka rufe layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni. A kwanakin nan kati ne jakada. Wanda ya fito daga Sakkwato ya zo da labari da karatu a aljihu, a yi ta kwafa daga waya zuwa waya.

To, ina da kawu, malamin firamare ne da ya yi ritaya. Yana da allo tun 2014, mai ɗauke da Android 4.4. A cikinsa ya naɗi muryar mahaifiyarsa, wato kakata Inna, kafin Allah ya yi mata rasuwa. Akwai tatsuniyoyi, da waƙoƙin daka da na niƙa, da labarin Alkalawa da Bawa Jangwarzo yadda ta ji daga nata kakanni. Da allon kuma yake jin muryar babban ɗansa da ke neman abinci a Legas. Daga 24 ga Oktoba 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan duk Android da bai kai 5.0 ba. Ba laifin kowa ba ne, tsufa ne ya zo, amma dai muryar Legas ta yanke, kuɗin sabon allo kuwa babu su. Da na zo hutu a ƙarshen shekarar sai ya kira ni zaure ya ce, "Ɗana, ku da kuka yi boko, mi za a yi ma allon ga?" Na ce, "Kawu, akwai dabara, amma sai an share duk abin da ke ciki." Ya yi shiru, can ya ce, "In allo ya mutu, ya mutu. Amma muryar Inna kak ka bari ta ɓace."

Dabarar ita ce a sauya wa allon uwar manhaja. Asalin abin, Android a kan Linux aka gina shi, Linux kuwa wani ɗalibi ne kamarmu, Linus Torvalds, ya fara shi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan a 1991, ya bar shi a buɗe kowa ya gani ya gyara. Saboda wannan buɗi, 'yan sa-kai a duniya sukan ɗinka wa tsofaffin na'urori sabon Android bayan masu ƙera su sun daina kula da su. Mafi shahara a da shi ne CyanogenMod, wanda ya tsaya a Disamba 2016, LineageOS ya gaje shi. Ma'anar sunan na biyun kuwa salsala ce. Wanda ya dace da allon Kawu shi ne LineageOS 14.1, wato Android 7.1. Wani abokina ya sauko mini da shi a Sakkwato, na zo da shi cikin wayata, tare da wani ɗan fayil mai ɗauke da lambar hatiminsa. Zan dawo kan wannan hatimi.

Aikin hawa uku ne. Na farko a buɗe kwaɗon da masu ƙera allo suka sa don kada baƙuwar manhaja ta shiga, kuma a yawancin na'urori buɗe shi yakan share komai. Na biyu a sa wani ƙaramin shiri mai suna TWRP, wanda zan kira zauren gyara, don nan ake tsayawa a yi wa allo aiki kafin a shiga cikin gida. Waɗannan biyu sai da kwamfuta da igiyar caji. Na uku a zuba sabuwar manhajar a memori, a shiga zaure, a share tsohuwa, a ɗora sabuwa daga katin.

Tun da rigakafi ya fi magani, kafin a taɓa komai sai na kwafe muryar Inna da hotuna gida biyu. Kwafi ɗaya a kwamfutar wani yaro mai shagon buga takardu, ɗaya kuma a sabon kati da autan Kawu ya sayo wurin wani mai talla, an rubuta masa gigabait 32, kuɗinsa kuwa araha kamar kyauta. Bayan muryoyin sai na ɗora fayil ɗin manhaja a katin. Muka kai allon wurin mai caji ya cika fal, domin idan batir ya mutu ana tsakiyar rubuta manhaja, allo na iya komawa faranti. Hawa na ɗaya da na biyu suka tafi lafiya. Na shiga zaure, na share tsohuwar manhaja, na zaɓi sabuwa, na ja yatsa.

Sai jan rubutu ya fito, wai fayil ɗin ya lalace. Na sake, haka. Ga tsohuwa an share, ga sabuwa ta ƙi hawa, allo ya tsaya tsirara ba ya wuce zaure. Nan fa shawara ta yi yawa. Mai shago ya ce allon ne ya tsufa, cikinsa ya ƙone. Wani ya ce dama manhajar kyauta ba ta da albarka. Auta ya ce a sayar wa masu gwangwan. Kawu dai bai ce uffan ba, sai jan tasbaha, wannan shiru nasa kuwa ya fi mini duk surutun nauyi.

Abin da na tuna a lokacin shi ne al'adar malamanmu masu kwafar littattafai da hannu, irin waɗanda ake ajiye da su a ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Idan magatakarda ya gama kwafa ba a cewa aiki ya ƙare sai an yi muƙabala, wato wani ya riƙe asali yana karantawa, wani ya bi kwafi da ido, harafi da harafi. Masu kwamfuta ma suna da tasu muƙabalar. Akwai lissafin da ake kira SHA-256, wanda ke tace fayil komai girmansa ya fitar da hatimi mai haruffa da lambobi 64. Idan ɗigo ɗaya ya sauya a cikin fayil ɗin, hatimin gaba ɗaya sai ya sauya. Saƙon nan kuwa ta hannu uku ya biyo, daga intanet zuwa wayata, daga wayata zuwa kati, daga kati zuwa allo. Ashe kafin a yanke wa allo hukunci sai an bi salsalar an ga inda ta tsinke.

Muka lissafa hatimin kwafin da ke wayata a kwamfutar yaron, ya yi daidai da na asali tun daga farko har ƙarshe. Muka lissafa na kati, ko kusa bai yi ba. Na sake kwafawa, muka sake lissafi, ya ƙara saɓawa. To, ruwa ba ya tsami banza. Yaron yana da wani ɗan shiri mai suna H2testw, wanda aikinsa ya cika kati da rubutu har baki, sa'an nan ya karanto ya ga abin da ya dawo. Kafin mu sa shi sai na ce mu buɗe muryoyin Inna da ke katin mu ji. Na farko-farko suka yi magana. Daga tsakiya zuwa ƙarshe kuwa ga sunayensu nan a jere, ga girmansu a rubuce, amma ko tari babu a ciki. Gabana ya faɗi. Muka juya ga kwafin kwamfuta, muka bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, duk Inna na magana. Sai a nan Kawu ya ɗaga kai ya ce, "Alhamdu lillahi."

Gwajin ya nuna katin bai kai gigabait 4 ba. Ga yadda ake wannan ha'inci. A cikin kowane kati akwai ɗan ƙwaƙwalwar da ke gaya wa na'ura yawan wurin da yake da shi. Maha'inta sukan ɗauki ƙaramin kati su koya masa ƙarya, ya riƙa cewa shi babba ne. Muddin abin da ka zuba bai wuce cikinsa na gaskiya ba, ba za ka ga aibu ba. Da ka wuce, sai ya karɓa ya ce ya ajiye, alhali ya zubar, ko kuma ya koma ya rubuta a kan abin da ke ciki tun farko. Kamar rumbu ne mai rami a gindi, mai shi na ƙirga damman da ya zuba yana murna, sai bazara ta yi ya buɗe. Muryoyin Inna su suka cika wurin gaskiya, manhajar da ta zo daga baya ta faɗa rami. Araha ba ta ado.

Magani kuwa a ɗakin Kawu yake. Akwai wani tsohon kati mai gigabait 4 a cikin rediyonsa, ya shekara da shekaru yana karatu. Muka kwashe abin da ke ciki, muka gwada shi ya fita da gaskiyarsa, muka tsara shi a tsarin FAT32, wanda tsofaffin na'urori suka fi ganewa. Na ɗora manhaja, muka yi muƙabala, hatimi ya dace. Da tsohuwar zuma ake magani.

Duk da haka da saura. Zaure ya karɓi fayil, sai kuma ya tsaya ya nuna kuskure mai lamba 7. Wannan lamba galibi abu biyu take nufi, ko dai manhajar ba ta wannan samfurin allo ba ce, ko kuwa zauren ne tsohon ɗab'i. Alluna sukan zo tagwaye, suna ɗaya, kama ɗaya, amma ɗaya na cin layin waya ɗaya ba ya ci, kuma manhajar wannan ba ta hawa wancan. Na juya bayan allo na karanta lambar samfuri, ta yi daidai da sunan fayil. Saura zaure ke nan, na kwamfutar yaron kuwa tsoho ne. Abokina ya riga ya haɗo mini da sabo, na ɗora shi daga katin, na sake gwadawa. Rubutu ya yi ta gudu fari tas har ƙarshe.

Tashin farko yakan daɗe, a nan ma mutane da yawa kan karaya su kashe allo. A lura da bambanci. Idan tambarin manhaja na motsi bai yanke ba, aiki take yi, a ba ta kamar minti 15. Idan kuwa allo na mutuwa yana tashi, yana zagaye kamar akuya a turke, to sai a koma zaure a share ragowar tsohon kaya. Namu haƙuri kawai ya nema. LineageOS ba ya zuwa da manhajojin Google, mu ma ba mu ɗora su ba don kada su yi wa tsoho nauyi. Muka sa WhatsApp, muka mayar da muryar Inna, kafin in koma makaranta saƙon Legas ya shigo. Ban ce gyaran na har abada ba ne, domin masu LineageOS sun daina sabunta 14.1, wata rana shi ma za a wuce shi. Amma ya ƙara wa allon kwana, a lokacin da kuɗin sabo ya fi ƙarfin gida.

Jan hankalina ga 'yan'uwa shi ne wannan. Mu ɗaliban Hausa mu ne masu yawo ƙauyuka da waya muna naɗar makaɗa da maroƙa da tsofaffi, kuma rabin waɗannan muryoyi a memori suke kwance. Tsohuwar da ka naɗa bana ba lalle ka same ta baɗi ba, garin da ka shiga lafiya bana, a ƙasarmu, ba lalle hanyarsa ta biyu baɗi ba. Saboda haka duk katin da ka saya ka gwada shi kafin ka ba shi amana. Duk abin da ka naɗa ka ajiye shi gida biyu, gidajen kuma kada su zama iri ɗaya. Ganin sunan fayil a jere ba shaida ba ne, buɗe shi ka ji da kunnenka. Idan kuma aiki ya ƙi, kada ka bi mai ƙarfin murya cikin masu shawara, bi salsala hannu bayan hannu, ka fara da mafi ƙanƙanta da araha kafin ka kai ga babba. Magabata ba su yarda da kwafin da ba a yi wa muƙabala ba, ban ga dalilin da zai sa mu jikokinsu mu yarda ba.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.