Littafin Farashin Shinkafa

Tun muna aji huɗu na ƙudura a raina cewa in Allah Ya yarda, Tsimi da Tanadi zan karanta a jami'a, ko kuma Kimiyyar Siyasa. Ranar da na faɗa wa Baba, har na ƙara da cewa Falsafa ma tana ba ni sha'awa, sai ya ajiye buta ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ita wannan a wace kasuwa ake sayar da ita?" Ban sami amsa ba. Shi likita yake so in zama.

Da na kai kuka wurin malaminmu, na zaci littattafai zai lissafa mini. Sai ya ce a Jami'ar Okasfod ta Ingila, tun 1920 ake haɗa fannonin nan uku a digiri ɗaya, amma mu a nan galibi ɗaya mutum zai cike a takardar JAMB. Ya ce in sayi littafin rubutu, duk ranar kasuwa in rubuta farashin shinkafa, in kuma tambayi dalili.

To, haka na yi. In muna hutu a Argungu ina bin Baba fadama, in an dawo makaranta a Birnin Kebbi ina leƙa babbar kasuwa. Da farko 'yan kasuwa sun ɗauka ɗan leƙen asirin masu haraji ne ni, har wani dattijo ya kore ni da sanda. Daga baya shi ne ya koya mini bambancin farashin shanshera a bakin gona da na wadda ta fito daga inji. A littafin nan na ga abin da janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya yi wa masu noman rani. Lita da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, injin ban ruwa kuwa ba ya jin lallashi. Baba da kansa ya rage kadadar da yake nomawa.

Abin da ya fi girgiza ni a Ƙungiyar Muhawara ya faru. An ba mu batun rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Na tashi da ƙarfina na ce daidai ne, domin shinkafar waje ta daina kwararowa ta Kamba, manomi ya ga kuɗi. Sai wata 'yar ajinmu ta miƙe ta ce mahaifiyarta ba ta da gona, da kwano take awo, kuma a lokacin sau da yawa sun kwana da tuwon dawa ba don suna so ba. Ta ce, "Ɗan'uwa, ribar babanka daga tukunyar wa ta fito?" Wallahi gumi ya karyo mini. Lissafina daidai yake, nata ma daidai, amma lissafi bai gaya mana wa ya kamata gwamnati ta fifita ba.

Tambayar nan ce ta kai ni ga Liya'ul Hukkam na Malam Abdullahin Gwandu, wanda kawuna yake karanta mini yana fassarawa bayan sallar isha'i, a kan haƙƙin talakawa da ke wuyan shugaba. Ba duka nake ganewa ba, amma ina rubuta abin da na kama.

Ba zan ɓoye muku ba, ya 'yan'uwana ɗalibai, wannan duka ba zai ci mini JAMB ba. Mai son Tsimi da Tanadi dole ya zauna da Lissafi, ni kuwa a nan nake ɗingishi, shi ya sa muke haɗuwa mu huɗu kowace Asabar muna warware tsofaffin tambayoyi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato na sa a gaba.

Da kakar bana ta zo, dillali ya taya shinkafarmu. Baba ya yi shiru, sa'an nan ya juyo ya ce, "Ɗauko mini littafin nan naka mu ga yadda ta yi bara war haka."