Nicole Maines: Daga zauren kotu zuwa gaban kyamara

Duk wanda ya kalli fim ɗin Supergirl mai dogon zango daga shekarar 2018 ya san Nia Nal, 'yar jaridar nan da ke rikiɗa ta koma jaruma Dreamer, mai hango abin da zai faru ta cikin mafarki. To amma masu kallo da yawa ba su san cewa 'yar wasan da ta hau wannan matsayi, Nicole Maines, ta fara yin suna ne a kotu ba, tun kafin wani darakta ya san da zamanta.

An haifi Nicole a 1997 a Amurka, ita da ɗan'uwanta Jonas, tagwaye masu kama ɗaya sak. Dukkansu maza aka rubuta su a takardar haihuwa. Sai dai tun tana 'yar mitsitsiya take cewa ita fa mace ce. Mahaifiyarta ta riga kowa sauraronta. Mahaifinta kuwa, tsohon sojan sama ne mai ra'ayin riƙau, abin ya yi masa nauyi ƙwarai, ya daɗe bai iya ko tattauna zancen ba.

Rigimar ta taso ne a 2007 a garin Orono na jihar Maine, tana aji biyar na firamare. Kakan wani ɗalibi ya kai ƙorafi cewa tana shiga bayin 'yan mata. Makaranta ta ce ta koma amfani da na malamai, aka kuma sa wani babba yana biye da ita duk inda ta nufa. Yarinya 'yar shekara goma, kowa ya zuba mata ido! Da abin ya ishe su, uwar ta kwashi yaran suka koma birnin Portland, uban ya tsaya a bakin aikinsa. Gida ya rabu biyu kenan. A sabuwar makarantar ma sai da ta shekara biyu tana ɓoye labarinta.

Iyayen suka shigar da ƙara, aka sakaya sunanta da Susan Doe saboda ƙarancin shekaru. Uban nan da a da ba ya son jin maganar, shi ne ya tsaya gaban 'yan majalisar jihar a 2011 yana kare 'yarsa. A watan Janairun 2014 kotun ƙoli ta jihar ta yanke hukunci cewa an tauye mata haƙƙi. Wannan ne karo na farko da kotun ƙolin wata jiha a Amurka ta yi irin wannan hukunci. Har yau dai Amurkawa ba su daina jayayya kan batun masu sauya jinsi ba.

Daga nan ƙofar fim ta buɗe. Ta fito a Royal Pains a 2015, ta ja fim ɗin Bit na 2019, ta kuma zauna a Supergirl har aka rufe shi a 2021. Dreamer ce jaruma mai ƙarfin ban mamaki ta farko a talbijin da aka nuna ta a matsayin wadda ta sauya jinsi. A 2023 an sake ganin Nicole a Yellowjackets.

Jonas ma ya sha nasa rabon, domin shi ne ya riƙa jin habaicin yara a kan 'yar'uwarsa. Yarinyar da takardun kotu suka kira Susan Doe, yanzu sunanta na gaskiya ne ke fitowa a jerin sunayen 'yan wasa.