Zanzibar da Goyo a Baya

Tsibirin da muke kira Zanzibar, mutanen wurin Unguja suke ce masa. Yana cikin Tekun Indiya, kuma a shekarar 1964 ya haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya. Daga Akra sai mutum ya bi jirgin sama ta Addis Ababa ko Nairobi. Na je can da maiɗakina da yara uku a lokacin dogon hutun makaranta, ƙaramar tana wata goma sha ɗaya.

Mutumin zango ba ya jin baƙunci a can. Akasarin jama'ar Musulmi ne, ana jin kiran salla ta ko'ina, babu fargabar nama. Harshensu na Suwahili ma ya ɗebo Larabci kamar namu: sabulu su ce sabuni, labari su ce habari. Babban yarona har rubuta irin waɗannan kalmomi ya riƙa yi a littafi, abin da ya faranta mini rai a matsayina na malami.

Tsohon garin, wanda Turawa ke kira Stone Town, lunguna ne matsattsu kamar na Nima, sai dai gidajen na dutse ne masu manyan ƙofofin katako. Keken tura jarirai ba shi da amfani a nan, ga babura suna ɓullowa ba zato. Zanen goyo na iyayenmu ya fi. Mun ga Turawa suna fama da kekunansu, maiɗakina kuwa ta ɗaura 'yarta ta wuce abinta.

Abin da ya kamata iyaye su fahimta sosai shi ne halin tekun. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa yakan janye nesa ƙwarai sau biyu a kowace rana, ya bar fili mai ƙananan kududdufai. Yara suna son wannan, kuma a nan ne matan ƙauyen suke noman ciyawar teku. Amma akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke maƙale cikin duwatsu, don haka kada yaro ya shiga babu takalmin roba. Kuma ruwan idan ya tashi dawowa ba ya sallama. Wurin da yaro ke wasa yanzu, ba da daɗewa ba sai ya kai wa babba ƙirji. A tambayi masu masauki lokacin dawowarsa kowace safiya, domin yana canzawa kullum. Yaranmu na Kumasi da Tamale ba su iya iyo ba, kada mu yaudari kanmu.

Haka batun kwalekwale. Zuwa ƙaramin tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke, waɗanda aka kawo asalinsu daga Seychelles a 1919, tafiya ce ta kamar rabin sa'a. Sai na ga rigar ceto daidai jikin kowane yaro kafin muka hau. Mutanen wurin ba su manta da jirgin ruwan da ya nitse tsakanin Unguja da Pemba a 2011 ba, wanda aka yi wa lodi fiye da kima, ɗaruruwan mutane suka halaka.

Zazzaɓin cizon sauro ya ragu a tsibirin amma bai ƙare ba, sai a nemi ɗaki mai gidan sauro. A tafi da katin rigakafin shawara, da ƙullin gishiri da sukari na maganin gudawa. Tun watan Oktoba na 2024 hukuma ta wajabta wa baƙi sayen inshora, dala 44 ga babba. Daga Maris zuwa Mayu kuwa damina ce mai ƙarfi, mai yara ya jira Yuli ko Agusta, wanda dama shi ne hutunmu.