Jakar da Ba Ta Sauko Ba

Kayan matafiyi a jirgin sama kashi biyu ne: na hannu, wanda yake shiga da shi, da na awo, wanda yake miƙa wa kamfani. Na awon ne ke ɓata. Idan an auna jaka, ana ɗaura mata doguwar takarda mai ɗauke da lamba, a yago ɗan guntunta a manna a bayan tikiti. Wannan guntu shi ne shaidar cewa kamfani ya karɓi amana, kuma shi mutane suka fi saurin yarwa.

Galibi jaka tana saɓa hanya ne a wurin canjin jirgi. Ɗan kasuwar da ya taso daga Guangzhou ko Dubai zuwa Kano, ya biyo ta Addis Ababa ko Alƙahira, yana iya kama jirgi na biyu da gudu, amma jakarsa ba ta da ƙafa. Wani lokaci tsohuwar takardar da ba a cire ba ce ke rikita na'ura. Wani lokaci kuma nauyi ne ya yi wa jirgi yawa aka rage kaya. Sai kuma musaya: a jirgin alhazai jakunkuna iri ɗaya ne, buhunan Ghana-must-go kuwa ko mai su ba ya bambanta su.

Waɗanda suka riski tsofaffin alhazan ƙasa, masu bi ta Fort Lamy su ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya, sun san cewa mutanen nan ba sa rabuwa da ƙunshinsu ko da dare. Da shi suke matashi. Jikokinsu ne yau suke cusa maganin hawan jini, da takardun makaranta, da gwal a jakar awo, su riƙe ledar biskit a hannu. Abin da ba za a jure rashinsa ba, a hannu yake tafiya.

Idan bel ɗin kaya ya tsaya jaka ba ta fito ba, ba a barin wurin. Ana zuwa teburin kamfani a cika takardar rahoto, wadda ma'aikata ke kira PIR, a bayyana launi da girma, a karɓi lambar bibiya. Da ita ake shigar da jakar cikin WorldTracer, rumbun da kamfanonin jirage ke neman kaya ta cikinsa. A nan ne kunya ke cutar mutane. Ma'aikaci ya ce, "Alhaji, je ka gida, gobe za ta iso," Alhaji ya ce Allah ya kai mu, ya fita hannu rabbana. Bayan mako guda ya dawo ya tarar da wani ma'aikaci daban da ke tambayarsa takarda. Matasa kuwa sai su tsaya ɗaukar bidiyo suna zagi domin Facebook, ga teburin rahoto a bayansu ba kowa.

Doka ta tanadi haƙƙi. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta gaji ta Warsaw ta 1929, ta ɗora wa kamfani alhakin kayan awo a tafiyar ƙasa da ƙasa. Jakar da ta lalace ana kai ƙorafinta a rubuce cikin kwana 7. Wadda ta makara, cikin kwana 21 daga ranar da aka miƙa ta ga mai ita. Wadda ba ta zo ba bayan kwana 21, ana ɗaukarta ɓatacciya. Ƙofar kotu a buɗe take shekara biyu. Diyya tana da iyaka: tun daga ƙarshen 2024 ita ce SDR 1,519, kusan dala dubu biyu ga kowane fasinja, kuma ba a ba da ita sai gwargwadon asarar da aka tabbatar. Saboda haka ake adana rasit, har na tufafi da sabulun da aka saya lokacin jira. Mai kaya masu tsada yana iya bayyana darajarsu tun wurin awo, ya biya ƙari. A Najeriya, idan kamfani ya yi kunnen ƙashi, akwai sashen kare fasinja na hukumar NCAA.

Guntun takardar nan na bayan tikiti yana da wani amfani da ya fi diyya. A ƙarshen 2018 an tsare wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya saboda jaka mai miyagun ƙwayoyi da aka yi wa rajista da sunanta ba da saninta ba. Sai a Afrilun 2019 aka sake ta. Wanda ya miƙa jaka biyu ya tabbatar guntu biyu aka ba shi, kuma ba a karɓar saƙon da ba a buɗe ba, ko na suruki ne.

Dattawa kan ce dukiya ba ta kai a ɓata rai a kanta ba, abin da ya tafi ba rabo ba ne. Gaskiya ne, kuma yawancin jakunkuna suna dawowa cikin 'yan kwanaki. Amma su ɗin dai, idan an zauna da su, sun fi cizon yatsa a kan jakar da suka yafe tun kafin su nema. Haƙuri yana da muhallinsa: bayan an cika takarda, an karɓi lamba, an rubuta wa kamfani kafin wa'adi ya cika.