Fis Ba Shi Da Laifi

Jama'a, mu malaman da ke kula da kayan kiɗan 'yan makaranta a zango mun san wannan ciwon kai. Amfilifayar jita irin ta da, mai bawul na gilashi, da an kunna ta sai fis ya ƙone. Wasu sukan naɗa masa waya ko takardar kwalin taba mai ƙyalli. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Fis mai gadi ne. In aka hana shi ƙonewa, taransifoma ce za ta tafi a madadinsa, kuɗinta kuwa ba na wasa ba ne.

Mukan fara da duba bayan akwatin. Wadda aka ƙera don Amurka bolt 120 take sha, wutarmu kuwa 220 zuwa 230 ce. Sannan mu tabbata lambar fis ta dace, kuma mai jinkirin ƙonewa ne, mai alamar T. Sai mu zare wuta, mu cire bawul duka, mu sa sabon fis, mu kunna, lasifika na haɗe. In ya tsira, mukan mayar da su ɗaya bayan ɗaya, muna kashewa kafin kowane. Galibi mai laifin yana cikin manyan, irin su EL34 ko 6L6. In kuwa ya ƙone ba bawul ko ɗaya, to cutar tana can ciki.

Nan muke tsayawa, mu kai wa mai gyaran rediyo. Kwandansa takan riƙe sama da bolt 400 ko bayan an zare wuta. Mu tuna, yaranmu ne ke riƙe jitar nan da hannunsu.